Keken da za ka saya, mai gyaran unguwarku ya san shi?



Rantire ta matso, magidanta sun fara zagayen kasuwa: kaye, bik, tufafin lakwal, sai kuma keke ga yaron da ya samu kwalej ko lise nesa da gida. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, esansin kwalba da muka saba saye da araha ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya bi shi. Uban da ke ba yaro kuɗin zuwa da na dawowa kullum, wata tara a jere, dole ya zauna ya yi lissafi. Lissafin nan yakan ƙare ne a gaban mai sayar da kekuna. Kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42, keke guda yana iya lashe albashin wata, ko fiye.

Ko a babbar kasuwar Maradi kake, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, in ka ce kana son VTT mai sauƙin kuɗi, wato keken nan mai manyan tayoyi da giya, iri biyu za a jingine maka.

Na farko sabo ne fil, leda ba ta ma fita daga jikinsa ba. Fenti yana walƙiya, an rubuta masa suna da manyan baƙaƙe, yana da amortisar gaba da baya, da wani ƙaton sifirin a tsakiya kamar na babur, birkinsa na faifai ne, mai kaya kuma yana ta nanata maka cewa giya 21 gare shi. Na biyu ba shi da wannan ado. Gangar jikinsa a miƙe take, babu sifirin a baya, birkinsa na roba ne mai matse bakin ƙafa. Wani lokaci sabo ne, sau da yawa kuma na hannu ne da aka kwaso daga Turai, irin su Rockrider na kamfanin Decathlon, da ƴan ƙuje-ƙujensa. Kuɗinsu bai cika yin nisa da juna ba.

In aka bar yaro ya zaɓa, na farko zai nuna, ba ma sai an tambaye shi sau biyu ba. Mu dai ra'ayinmu a wanga zance shi ne na biyu, kuma ga dalilanmu.

Mu fara da sifirin ɗin nan na baya, tunda shi ke ɗaukar ido. Keken VTT an ƙirƙiro shi ne a jihar Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1970, don masu gangarowa daga kan tsauni a guje. Amortisar na gaske da ake sa wa irin waɗannan kekuna yana da mai ko iska a ciki da ke riƙe tsallensa, kuma shi kaɗai kuɗinsa ya fi na keken da muke magana gaba ɗaya. Wanda ke jikin keken kasuwarmu sifirin ne tsurarsa. Duk takun feda da yaro zai yi, wani kaso na ƙarfinsa yana tafiya ne wajen lotsa sifirin, keke na ta rawa kamar raƙumi, tafiya kuwa ba ta ƙaru ba. Ga nauyi: irin wannan keke yakan kai kilo 18 zuwa 20, alhali ɗan uwansa marar sifirin yana wajen 14 ko 15. A kan gudron ba za ka ji bambancin sosai ba. Amma a shiga rairayin Ali Dan Sofo ko na Zariya a watan Afrilu da tsakar rana, a nan yaro zai sauka ya tura, kuma kilo huɗun nan a hannunsa za su ƙare. Sannan mahaɗar da ke tsakanin gaba da bayan keken, ƙura na shiga cikinta. In ta ci, sai ka ga ƙafar baya tana lilo hagu da dama, kuma da wuya ka sami irin ƙarfen a wurin masu kayan gyara.

Sai zancen giya 21. Lissafin ba wuya: faranti 3 a gaba, 7 a baya, uku sau bakwai. Amma da yawa daga cikinsu maimaicin juna ne, wasu kuma in ka sa su sarƙa na karkacewa har ta riƙa cin haƙora. A gari shimfiɗaɗɗe kamar Maradi, yaro zai yi shekara bai wuce giya huɗu ko biyar ba. Don haka yawan lamba ba shi ne abin dubawa ba. A duba ɗan ƙarfen da ke canza giyar a baya. In an ga Shimano an buga a jikinsa, ko da ƙaramin ajinsu ne mai suna Tourney, ana samun madadinsa kuma yana riƙe saiti. A lura dai: akwai kekunan da aka liƙa wa takardar Shimano a gangar jiki, ƙarfen kansa kuwa gwangwani ne da yatsa ke lanƙwasawa. A sunkuya a karanta abin da ke jikin ƙarfen.

Birki shi ne inda aka fi yi mana gardama. Gaskiya ne birkin faifai ya fi kamawa cikin ruwa da taɓo. To amma damina tamu daga Yuni ne zuwa Satumba, yawancinta kuma yara suna bakansi. Sauran watannin ƙura ce da rana. A farfajiyar lakwal kuwa kowa ya ga yadda ake jibge kekuna, wani kan wani. Faifan nan siriri ne, feda ɗaya ta dake shi ya karkace, daga nan sai ƙara da gogayya. In mai ya ɗiga a kansa, birki ya tafi. Ƴan ƙananan takalman da ke matse faifan kuma iri-iri ne, kowane kamfani da siffarsa, sai ka zagaye kasuwa da tsohon a hannu kana gwadawa. Robar birki kuwa ko a ƙauye ka je za ka same ta rataye a rumfar mai faci, kuma yaro da kansa zai iya koyon ɗaure ta da sifana ɗaya. Aibinta shi ne tana son ƙafa miƙaƙƙiya, kuma yashi na sa ta ci bakin ƙarfen a hankali. Wannan aibi ne da mai gyaran unguwa ya san maganinsa.

A nan za mu yi adalci ga ƴan uwanmu na Adar. Wanda ke Keita ko Buza ko wajen Madawa, inda hanya ke hawa dutse ta gangaro, yana da hujjar neman birki mai ƙarfi da giya mai laushi ta hawa. Shi ma dai abin da za mu ce masa, in zai sayi mai faifai, ya sayi takalman birki na ajiya tun a ranar, a shagon, kada ya bari sai sun cinye.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne taya, alhali ita ce za ta fi kai ka wurin mai gyara. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce: ga tsidau, ga ƙarangiya, ga ta aduwa. VTT yana zuwa da girman ƙafa iri uku: inci 26, da 27,5, da 29. A Turai yanzu an fi yayin biyun ƙarshe, shi ya sa kekunan hannu na baya-bayan nan suke zuwa da su. A wurinmu 26 ce ta cika kasuwa, tayarta da shambur ɗinta. Kafin ka biya, ka karanta lambar da ke gefen taya, ka taka zuwa rumfar mai gyaran da ya fi kusa da gidanka ka tambaye shi: kana da wannan? In ya ce sai an aiko daga Kano ko Yamai, to ka san ranar da taya ta fashe yaro zai yi sati yana tafiya a ƙasa. Haka bakin da ake ba da iska: akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane famfo ke kamawa, akwai siriri mai ɗan noti a kai wanda sai da mahaɗi. Ƙaramin abu ne, amma ya ajiye kekuna da yawa a zaure.

Kada a ce mun wanke na biyun tas. Shi ma yana da tarkonsa, musamman in na hannu ne. Yawancinsu gangar jikinsu ta alminiyom ce. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, amma in ta tsage mai waldan bakin hanya ba ya iya ɗinke ta kamar baƙin ƙarfe, sai mai na'ura ta musamman, kuma ko an yi ba ta komawa yadda take. Saboda haka a goge ƙura a duba duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin wuya da wajen sirdi. In an ga layi siriri kamar gashi, a bar shi ko nawa aka rage. A ɗaga ƙafa a juya ta, a ga ko tana tafiya daidai. A kama feda a girgiza, in tana ƙwas-ƙwas akwai kashe kuɗi a gaba. A duba haƙoran faranti, in sun yi tsini kamar na zarto sun gama aiki. In keken hannu ya faɗi wannan jarrabawa, gara sabo marar sifirin na baƙin ƙarfe, ko da ba a san sunan kamfaninsa ba.

Sannan a nemi resi. Kowane keke yana da lamba da aka buga a ƙarƙashinsa, daidai inda fedoji suke haɗuwa. A kifa shi a karanta, mai kaya ya rubuta ta a takarda da sunansa. Keken da ba a san asalinsa ba, mai arahar da ta wuce hankali, yana iya kai mutum komisariya, ya rasa keke ya rasa kuɗi, ga zubar mutunci.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu ta sayen babba wai yaro zai girma ya cika shi. A riga wannan dabara ce, a keke haɗari ne. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa. In babu sararin yatsa biyu ko uku tsakaninsa da ƙarfen sama, keken ya fi ƙarfinsa. Yaron da ba ya iya dire ƙafa da sauri, ranar da adaidaita ta yanko masa a mararraba, me zai yi? Ga ƴan mata masu doguwar riga da hijabi, a nemi wanda ƙarfen samansa ya sauko ƙasa, a kuma sa wa sarƙa murfi.

Mun san akwai abin da lissafi ba ya kamawa. Yaro ɗan shekara 13 yana son ya shiga ƙofar lakwal abokai su juyo su kalle shi, kuma wannan ba laifi ba ne, dukanmu mun yi ƙuruciya. Shawararmu ga iyaye: a je da shi kasuwa, a bar shi ya hau duka biyun, ba a kan siminti ba, a cikin yashin bayan shago. A ce ya ɗaga kowanne ya tsallake kwalbati da shi. Sau da yawa ƙafarsa za ta gaya masa abin da bakin uba ya kasa. Abin da aka rage kuma a saya masa kwaɗo mai kyau, da fitila, da ƙararrawa, da famfo, sai ɗan man keken ɗinki na sarƙa. A daina zuba mata baƙin man inji, yana kama ƙura ya koma kamar dutsen wasa wuƙa.

Ga ƴan kasuwarmu masu shigo da kekuna ta Dan Isa da Magarya da sauran hanyoyi, roƙonmu ɗaya ne: duk irin keken da kuka kawo, ku haɗo da kayan gyaransa. Ku ma ribarku ce, don wanda ya dawo sayen taya yau shi zai dawo sayen keken ƙane gobe. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye kuma su taimaka da wurin jingine kekuna mai inuwa da mai gadi, ko da karo-karo ne.

Wanda ya riga ya sayi mai sifirin kada ya ji mun yi da shi. A ɗaure sifirin ɗin ya yi tauri iyakar yadda zai yi, a riƙa duba notocin mahaɗa duk wata, zai yi aikinsa daidai gwargwado. Wanda bai saya ba kuwa, kafin ya shiga kasuwa ya fara biyawa ta rumfar mai gyaran unguwa, ya gaishe shi, ya tambaye shi wane keke ne ya fi kwana a wurinsa. Ya fi mu sani, ya fi mai shago faɗin gaskiya.

Allah ya ba iyaye abin biyan buƙata, ya tsare mana ɗiyanmu a kan hanya, ya sa a fara karatu lafiya.