Idan Kin Shiga Cocin Santa Mariya a Birnin Rum

Idan Allah Ya kai ki birnin Rum na ƙasar Italiya, kada kasuwar takalma da jakunkuna ta cinye miki lokaci duka. Ki tsallaka kogin Tiber zuwa unguwar Tarastebere, ki ga wani tsohon cocin Katolika mai sunan Nana Maryam. Fafaroma Innocent na biyu ne ya sake gina shi wajen 1140, ginshiƙansa 22 kuwa daga kangon gidan wankan Sarki Karakala aka kwaso su.

Sai dai fa ba gidan tarihi ba ne. Cocin unguwa ne, nan mutane ke ibada, nan ake ɗaura musu aure. Tun 1982 ƙungiyar Sant'Egidio ke jera tebura a ciki ranar Kirsimeti tana ciyar da marasa galihu.

Don haka ki ja kunnen yara tun daga ƙofa: ba guje-guje, ba hayaniya. In kin tarar ana addu'a, ki ajiye kyamara sai an tashi. Sutura kam mayafinki ya wadatar, dokar ta masu buɗe kafaɗa da gwiwa ce. Maigida dai ya cire hula kafin ya shiga.