"i7 ne fa, Oga": yadda ake sayar muku da tsohuwar kwamfutar ofis da sunan ta gem

1/ Zare ne, kuma mai tsawo. Duk wanda zai haɗa kwamfutar gem ta farko, dan Allah ya karanta kafin ya tura wa kowa ko sisi. Na gaji da ganin yaro ya yi wata shida yana tara kuɗi, ƙarshe a damƙa masa akwatin gilashi mai walƙiya wanda ko EA FC ba ya ja sai da sarƙewa.

2/ Matsalar ku ɗaya ce: kuna fara ciniki daga inda ya kamata ku ƙare. Tambayar farko "i7 ne?", ta biyu "yana da fitilu?", monita kuwa sai da canjin da ya rage. Ni na ce a juya. Wane gem za ka buga, a kan wace monita, sai katin girafik da zai iya ciyar da ita. Sauran kayan 'yan rakiya ne.

3/ Mu fara da i7 ɗin nan da ya zame muku laya. i7 sunan gida ne kawai. Kamar a ce maka mota Toyota ce a yi shiru, ba a faɗa maka ta wace shekara ba. Lambar da ke bayan sunan ita ce maganar, kuma ita ce mai kaya ba ya son ka tambaya.

4/ i7-3770 ya fito a 2012. i7-4770 a 2013. Ofisoshin Turai da Amurka sun gama cin moriyarsu, aka loda a kwantena, aka zo nan aka canja musu akwati, aka liƙa fanka mai launi uku. Shi kenan wai sun zama na gem. i3-12100F na 2022, wanda kuke rainawa don sunansa i3, kashi yake ba su a gem. Ba ma kusa ba.

5/ Kuma akwai Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ya karɓar waɗannan tsofaffin, daga Intel na zubi na 8 yake farawa. Eh, na san ana dabara a tura shi da ƙarfi. Je ka buɗe Valorant a kai, ya tambaye ka TPM 2.0, sai mu ga dabarar.

6/ Laya ta biyu: "girafik ɗinsa 4GB ne." Wane kati? Nan sai ka ji an fara kame-kame. Akwai GT 730 mai 4GB, kati ne na 2014 wanda ko a lokacinsa ba don gem aka yi shi ba. GB ɗin nan girman rumbu ne, ba ƙarfin manomi ba. Ka tambayi cikakken sunan katin. In an ƙi faɗa, ka ɗau jakarka.

7/ To monita. Nan zan daɗe, don nan ne kuka fi yi wa kanku illa, kuma ba mai kaya ba ne ya sa ku. Ita ce abin da idonka zai kalla kullum. Kati za ka iya canjawa bayan shekara biyu ko uku, monita mai kyau tana raka ka har kwamfuta ta biyu. Amma ita ce kuke saya a tsaye, a minti biyar.

8/ Lissafi kaɗan. 1080p ɗigo 1920 ne sau 1080, wato miliyan 2 da 'yan kai. 1440p kusan miliyan 3.7. 4K ya haura miliyan 8.2. Ma'ana duk hoto ɗaya da katinka zai zana a 4K, aikin hoto huɗu ne na 1080p. Kuma ba sau ɗaya zai zana ba, sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa.

9/ Shi ya sa nake cewa monita ce ke yanke maka kuɗin kati. Ka ɗauko 4K don abokai su ce kai babba ne, ka haɗa ta da katin talaka, ɗayan biyu ne: ko gem ya riƙa tafiyar hawainiya, ko ka sauke shi zuwa 1080p. Ka biya kuɗin 4K kana kallon 1080p. Wa ka burge?

10/ Ku duba ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata a kan kayan masu buga gem a duniya. Shekara da shekaru 1080p ce a sama. Mutanen da ke da wuta awa 24 da albashin dala ba su ji kunyar 1080p ba, sai kai da kake cajin waya a shagon maƙwabci.

11/ Abin da ya fi 4K amfani, wanda ba ku tambaya: sau nawa monita ke sabunta hoto a daƙiƙa. Mai 60Hz, tsakanin hoto da hoto milisakan 16.7 ne. Mai 144Hz, 6.9. A Warzone ko PUBG ko Valorant wannan tazarar hannunka yana jin ta, ba sai an yi maka bayani ba. Ko linzamin kwamfuta ka ja a kai za ka ga bambanci.

12/ Ga wanda zai fara, abin da nake cewa kullum: inci 24, 1080p, 144Hz ko 165Hz, allon IPS, mai FreeSync. In aljihu ya yi nauyi, inci 27 a 1440p. Amma kar ka sayi inci 32 a 1080p ka zauna dab da ita. Ɗigon bai ƙaru ba, buɗe shi kawai aka yi, har ƙirga shi za ka iya.

13/ "Ai muna da talabijin a falo, inci 55." Madalla, ta kallon ƙwallo ce. Yawancin masu araha 60Hz ne, kuma sai sun gama gyaggyara hoton kafin su nuna maka, ka danna yanzu abin ya faru an jima. Ga Baba zai dawo ƙarfe tara ya ce a sa masa labarai.

14/ Na san masu cewa "ni don gaba nake saye, GTA VI na zuwa." Rockstar ta sanar da shi ne a PS5 da Xbox Series. Ku tuna GTA V: ya fito a Satumba 2013, bai iso kwamfuta ba sai Afrilu 2015. Kayan da ka saya da tsada yau don gem ɗin da bai zo ba, ranar da zai zo sun tsufa, kuma na lokacin sun fi su ƙarfi.

15/ Kati. A ra'ayina shi ya kamata ya cinye kaso mafi girma na kuɗin akwatin, nesa ba kusa ba. Don 1080p, ajin RX 6600, RTX 3060 ko RTX 4060 ya wadatar ƙwarai. Ka haɗa da Ryzen 5 5600 ko i3-12100F ko i5-12400F, ka wuce wurin. i9 da katin banza, doki ne aka ɗaura wa amalanken da ba taya.

16/ In na hannu za ka saya, ba laifi, mu ma mun san kasuwa. Amma ka sani a Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da katin girafik wajen haƙo kuɗi, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. RX 580 na cikin waɗanda suka fi shan wannan wahalar.

17/ Akwai ma mai suna RX 580 2048SP. Sunan 580 ne, cikin kuwa na ajin 570. Kar ka biya kuɗin yayan a ba ka ƙanen. Kowane kati ne, a sa shi a gabanka, a buɗe gem mai nauyi na minti ashirin ko talatin, kana kallon zafinsa da fankarsa. Mai kaya ya ce ba wuta? Ka ce za ka dawo in an kawo.

18/ Wuta. Nan ne masu bita na YouTube ba za su taimake ka ba, don ba a gidanku suke ba. RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne a rubuce. RTX 4060 wat 115. RX 6600 wat 132. Tsohon RX 580 ɗin nan da ake ce muku araha, wat 185, kuma bai kai su aiki ba.

19/ A Afrilu 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit. Da wannan farashin, na'ura mai jan wat 600 awa huɗu a rana ta ci naira 540, mai jan 250 ta ci 225. Sau talatin a wata. In kuma sola ce da inbata a gidan, je ka tambayi batir ɗin ra'ayinsa. Ko Hajiya, in firij ya mutu ƙarfe biyun dare.

20/ Abin da ya fi ba ni haushi: mutum ya zuba dukiya a kati, sai ya sayi PSU, wato akwatin da ke raba wa duk kayan wuta, mara suna, mara nauyi kamar gwangwanin madara, an rubuta 700W a jiki da babban baƙi. Wallahi wannan rubutun fenti ne. Ranar da ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, da madabod da kati yake tafiya.

21/ Ka sayi na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus, wat 550 zuwa 650 ya ishi irin haɗin da na faɗa. Kuɗin fitilun nan, nan ya kamata su tafi. Sannan UPS, don a ɗauke wuta kana tsakiyar gem ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Ka lura: VA ba wat ba ne. Mai 650VA yawanci bai kai wat 400 ba.

22/ Akwati kuma. Gilashi gaba, gilashi gefe, iska ba ta da ƙofar shiga. A ƙasar da Maris da Afrilu zafi ke haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Kati in ya ji zafi da kansa yake rage gudu. Nemi mai raga a gaba da matatar ƙura, ka ɗaga shi daga ƙasa, lokacin hunturu ka riƙa hure shi.

23/ RAM 16GB, guda biyu masu 8, ba guda ɗaya mai 16 ba. SSD dole, 1TB in da hali, don gem ɗin yanzu ɗaya na iya cin 100GB. Madabod mai sauƙi da ya dace da furosesarka. Ba abin dogon zance a nan.

24/ Abu ɗaya da babu kayan da ke gyarawa: intanet. Yawancin gem ɗin nan sabar Turai muke shiga, tafiyar saƙo daga nan zuwa can ba ruwanta da kuɗin katinka. Kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, ja waya daga rauta zuwa akwati, ka rabu da Wi-Fi.

25/ Kuma tsakani da Allah, in FC kaɗai kake bugawa da abokai a ɗaki, PlayStation ta ishe ka, ba wanda zai kama ka. Kwamfuta ta wanda zai haɗa da karatu ce, ko gyaran bidiyo, ko gem ɗin da sai a kanta.

26/ Waɗanda suka riga suka saya, ku leƙa bayan akwatinku yanzu. Wayar monita a jikin kati take, can ƙasa, ko a jikin madabod, can sama kusa da ramukan USB? In a sama take, katin da ka biya kuɗinsa yana zaune ne yana hutawa.

27/ Sannan ku shiga saitin nuni na Windows ku duba Hz. Sau da yawa monita mai 144 a kan 60 take tsayawa har sai ka canja da hannunka. In 144 ɗin bai fito a jerin ba, gwada wayar DisplayPort maimakon tsohuwar HDMI ɗin da ka ciro daga bayan dikoda.