Wasiƙa zuwa ga masu kunu da fura na Damana da ƙasar Kurfai



Iyayena mata, yayyena da ƙannena da ke dama kunu da kirɓa fura a Damana da sauran garuruwan Tondikandiya, har zuwa Bonkuku, Filinge da Shikal, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafin murhu. Allah ya sa albarka cikin nema.

Kuka biyu nake yawan ji daga bakinku. Na farko, sukari ya yi tsada, musamman tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano suka ƙara kuɗi. Na biyu, kunu ba ya kai la'asar sai ya yi tsami, wata rana ma gora ta kumbura, a buɗe ta tana huci. A ganina tushen kukan nan ɗaya ne. Mun saki tsiro mun kama sukari, kuma mun daina lissafin lokacin da kunu ke ɗauka daga jiƙo zuwa bakin mai sha.

Bari in fara da tsiro, domin shi ne ilimin da ke neman ɓacewa. Ƙwayar gero cike take da gari marar zaƙi. Idan ta sha ruwa ta fara fitar da saiwa, sai ta samar da wani sinadari a jikinta wanda ke narkar da garin nan ya koma sukari, don ɗan tsiron ya samu abin ci kafin ya yi ganye. Kakanninmu sun gano haka ba tare da makaranta ba. Suna barin ƙwayar ta fara aikin, sai su tsayar da shi da zafin rana, su adana ƙarfin nan har ranar da suke bukatarsa. Zaƙin da kuke saye a kanti yana nan kwance cikin rumbunku. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Abin yana yi mini ciwo in ga rabin ribar mai kunu tana tafiya ga sukarin da ya ƙetaro teku.

Yin tsiro ba ya da wuya, kulawa yake so. Ki zaɓi gero mai rai wanda ba a surfa ba, ki wanke, ki zubar da duk abin da ya taso saman ruwa. Ki jiƙa shi daga magariba zuwa wayewar gari, idan kuma bazara ce ki sauya masa ruwa kafin ki kwanta, don kada ya yi wari. Da safe ki tsame, ki baza a kan buhun algarara mai tsabta a cikin inuwa, ki rufe da wani buhun mai laima, kina yayyafa ruwa safe da yamma, kina juyawa da hannu don kada tsakiya ta yi zafi. Kwana 2 zuwa 3 ya isa. Sai ki shanya a rana a kan tabarma ko faranti, ba a ƙasa ba, har ya bushe ƙarau, ki murje saiwar da hannu, ki sheƙe. Tsiron da ya bushe sosai yana yin makonni a cikin mazubi mai murfi, don haka ba sai kin yi shi kowace rana ba.

Ga wadda ta fi son dawa, murje saiwar nan wajibi ne. Sabon tsiron dawa yana ɗauke da guba a saiwarsa da tohonsa, ita ce gubar da ke kayar da shanu idan suka faɗa wa gyauron dawa, kuma kowane makiyayi ya san haka. Shanya mai kyau, da murzawa, da dafuwa su ke kawar da mafi yawanta. Kada ki bar yara su riƙa ɗiban ɗanyen tsiron dawa suna tauna saboda zaƙinsa.

Inda da yawa suke ɓata aikinsu shi ne wajen haɗi. An markaɗo ƙullu da citta da kanumfari da masoro, an raba biyu, an sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri. Sai gaggawa ta sa a zuba garin tsiro nan take. Sinadarin nan na cikin tsiro kuwa ba ya jure tafasa, yana mutuwa idan zafi ya haura digiri 80, ya fi aiki tsakanin 60 da 70. Ba sai kin sayi ma'aunin zafi ba: ki jira har tururi ya lafa, ki ɗora tafin hannu a jikin mazubin, idan kina iya taɓawa amma ba ki iya daɗewa, lokaci ya yi. Ki zuba, ki dama, ki rufe. Za ki ga kaurin nan ya tsinke da kansa ba tare da kin ƙara ruwa ba, alamar gari yana komawa sukari ke nan. Idan bai tsinke ba, ko dai zafi ya kashe tsiron, ko tun asali tsiron bai yi ƙarfi ba. Shawarata ki fara da kashi ɗaya na tsiro ga kashi huɗu ko biyar na gero, daga nan ki daidaita da harshenki. Ba na cewa za ki rabu da sukari ɗungum, masu saye sun saba da shi. Amma za ki rage shi ƙwarai, kuma ɗanɗanon kununki zai bambanta da na maƙwabciyarki.

Yanzu ga maganar da wasu ba sa son a faɗa a fili, ni kuwa ina ganin ɓoye ta cutarwa ce. Hanyar nan da na zayyana, daga jiƙo zuwa tsiro zuwa narkewa, ita ce farkon hanyar masu dafa giya. Da ita matan Burkina Faso ke yin dolo da jar dawa, da ita ake yin cukutu a arewacin Benin, da fito a Gana, da burkutu a Najeriya. Ko a ƙasar Arewa da tamu, kafin Musulunci ya game ko'ina, azna suna dafa giyar hatsi don bukukuwansu. Bambancinku da su yana wajen inda ake tsayawa. Ruwan zaƙi idan aka bar shi, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna shiga su ci. Kashin farko su ne masu kawo tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono. Tsaminsu kaɗan alheri ne, yana ba kunu armashi, yana kuma rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta. Bayansu sai yis ya karɓi aiki, yana cin sukarin yana fitar da iska da barasa. Masu giya wannan matakin suke jira. Ke kuwa dole ki tsaya kafin a kai can. Wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, shi ya bayyana a 1857 cewa halittu masu rai ne ke kawo irin wannan tsami, daga baya ya kuma nuna cewa ɗumama abin sha yana tsayar da su. Abin amfani a gare ki shi ne wannan: bayan kin tace kunu, idan kika mayar da shi wuta ya yi zafi sosai kafin ki huce shi ki ɗura, zai ƙara miki sa'o'i masu yawa. Ɗanɗano yana ɗan sauyawa, amma ya fi asara.

Alamomin ƙetare iyaka ba ɓoyayyu ba ne. Gora ta yi tauri ko ta kumbura, kumfa na tasowa ba tare da an girgiza ba, ƙamshi ya koma mai hawa hanci, harshe ya ji yana tsatstsafa. Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, abin sha, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura ba a ci gaba da ajiye masa shi. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Ku lura kuma, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, kunun tsiro ba ya jiran kwana uku. Wuni ɗaya a rana ya ishe shi juyawa. Abin da na fi jin tsoro shi ne dabarar da wasu ke yi ta zuba ragowar jiya cikin sabo, a ƙara sukari a rufe tsamin. Wadda ta yi haka ta shuka yis mai ƙarfi cikin sabon kunu, ta kuma ba shi abinci. Mai azumi ya saya ya yi buɗa-baki, yaro ɗan makaranta ya sha, alhakin yana wuyan wa? Ragowar da ta juya a zubar da ita.

Maganin yawan ragowa shi ne tsari, kuma a nan ina ganin akwai abin koyo ko daga mutanen da ba mu shan abin da suke sha. A Amurka, tun da shugaba Jimi Kata ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, mutane da yawa suka mayar da abin sha'awarsu. Ba giyarsu nake yaba muku ba. Abin da ya burge ni shi ne ba sa ɗora tukunya sai sun rubuta nauyin hatsi, da yawan ruwa, da zafi, da sa'ar da aka fara, kuma sun ɗauki wankin kayan aiki da muhimmanci ƙwarai. Idan abu ya yi kyau sun san dalili, idan ya ɓaci sun san inda za su duba. Ke da wannan sana'a ke ciyar da ƴaƴanki kin fi su bukatar ɗan littafi. Idan ba ki rubutu, ɗiyarki ƴar makaranta ta rubuta miki, ko da boko ko da ajami: tiya nawa aka jiƙa, gora nawa ta fita, nawa aka sayar, nawa ta rage, yaya zafin ranar. Tiya ɗaya ta gero kusan kilo 2 da rabi ce, kuma ya kamata ki san gora nawa take ba ki. Cikin wata guda littafin zai nuna miki cewa ranar kasuwa daban, ranar Juma'a daban, sanyin hunturu daban.

Lissafin kuma daga ƙarshe ake faro shi. Wadda za ta kai kaya kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, ta tace da asubar Lahadi, ta yi haɗi daren Asabar, ta jiƙa gero tun safiyar Asabar ko daren Juma'a, tsironta kuwa ya riga ya bushe tun farkon mako. A azumi sai lissafin ya juye, tunda ciniki na bayan la'asar ne: haɗin da aka yi tun daren jiya zai wuni cikin zafi yana tsami, gara a yi shi bayan sahur.

Sai hatsin kansa. Na san halin da ake ciki idan rumbu ya yi ƙasa kafin kaka, mai araha ake nema. Amma hatsin da ruwa ya taɓa ya yi funfuna ba na kunu ba ne, kuma tafasa ba ta kashe gubarsa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda masara mai funfuna. A watan Janairun 2015, a garin Citima na ƙasar Mozambik, mutum 75 suka rasu bayan sun sha abin shan gargajiya a wurin zaman makoki, wasu da yawa suka kwanta asibiti. Da farko an zargi sammu da guba, bincike ya nuna garin masarar da aka yi amfani da shi ne ambaliya ta jiƙa, wata ƙwayar cuta ta hayayyafa a ciki. Matar da ta dafa ma tana cikin mamatan. Ba ta yi nufin cutar da kowa ba, garin da ya lalace ne ta ƙi zubarwa ko ba ta gane ba.

Ruwa kuma Allah ya hore mana shi kusa a cikin Dallol Bosso, rijiya ba ta da zurfi. Wannan ni'ima ce mai tafe da haɗari, domin abin da ke saman ƙasa, na masai da na turken dabbobi, ba ya daɗewa yake isa gare shi, balle da damina. Kwalarar 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, sama da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Ruwan damu an tafasa shi, to amma na tata da na sirki fa? Shi ma a tafasa, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. Ƙanƙara ba ta kashe cuta, don haka a jera gorunan a cikinta, kada a jefa ta cikin kunu sai an san ruwan da aka yi ta da shi. Idan rijiyarku mai ɗanɗanon kanwa ce, ku nemi wata don haɗi, kanwa tana rage ƙarfin tsiro. Gorunan roba da yara ke tsintowa a wanke su da sabulu da ruwan jabel, a ɗauraye, a kife su bushe. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi na lambu kuwa, ko sau nawa aka wanke ta, kada ta kusanci abin sha.

Masu fura, ku ma maganar ta shafe ku, ko da yake taku ta fi sauƙi tunda dafaffiya ce. Muna maƙwabtaka da Tukunus, gidan shanun Azawak, nono mai kyau ba baƙonmu ba ne. Ku riƙa tambayar masu kawo muku shi ko an dafa madarar kafin a kwantar, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga saniya, har da tarin fuka.

Roƙona na ƙarshe ga tsofaffinmu ne da suka iya tsiro tun ƙuruciya. Inna, ki zaunar da ƴan matan gidan ki nuna musu da hannu, daga jiƙo har sheƙa. Ku kuma da ke cikin adashi ko ƙungiyar mata, ku ware mace ɗaya ko biyu su riƙa yin tsiro mai yawa da rani suna sayar wa sauran, aikin zai yi sauƙi, wata ma ta samu sana'a. Ku gwada da tiya ɗaya a wannan mako, ku rubuta abin da ya fito.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da ciyar da mutane abin da zai cuce su. Wassalam.

Taku,
Wata ƴar ƙasar Kurfai