A Tambayi Tarihin Direba Kafin A Ba Shi Makulli

Direban da aka kora yau saboda tuƙi cikin maye, gobe sai a gan shi da motar wani maigida. Mai kamiyo ba ya tambayar inda ya fito, takardar tuƙi kawai yake dubawa. Mu da dabbobinmu ke hawa waɗannan motoci daga Maraɗi da Damagaram zuwa kasuwannin Nijeriya, abin ya shafe mu.

A Amurka, tun watan Janairu 2020 gwamnati ta buɗe rajistar direbobin manyan motoci da awo ya nuna sun sha ƙwaya ko giya. Wajibi ne kamfani ya duba ta kafin ya ɗauki direba, ya kuma sake dubawa kowace shekara. Wanda sunansa ya shiga ba zai koma tuƙi ba sai ya ga masanin sha'anin maye, ya cika sharuɗɗansa, an sake auna shi.

Muna kira ga ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi su buɗe irin wannan littafi a kowace tasha. A rubuta wanda ya kaɗe garke ya gudu, da wanda ya sayar da sa a hanya ya ce ya mutu. Amma a saurari direba tukuna, kada maigida ya ɓata masa suna don ya nemi haƙƙinsa. Wanda ya biya ɓarna ya gyara hali, a mayar masa da makulli. Allah ya kiyaye hanya.