Labarin Ƙwaƙwalwa A Tambayi Fuska



Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin likitan dabbobi kuwa, labarin ƙwaƙwalwa ake tambayar fuska. Mutum idan ba shi da lafiya zai buɗe baki ya ce kaina na sarawa, ko idona na dama ya dushe. Saniya ba ta da wannan gatan. Ƙwaƙwalwarta tana kulle cikin ƙoƙon kai, ba a ganinta, ba a taɓa ta, na'urar da za ta leƙa ciki kuma ba a ruga take ba. To amma Allah cikin ikonsa ya fito da wasu jijiyoyi kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, suka ratsa ta ƙananan ƙofofin ƙashin kai, suka bazu a ido da kunne da hanci da leɓe da harshe da maƙogwaro. Ba jijiyoyin jini nake nufi ba, masu kai saƙo da komo da shi nake nufi. Guda 12 ne ta dama, 12 ta hagu, a saniya da rago da doki da raƙumi da kare, har da ni da ku.

An daɗe kafin a tsaya a kan wannan lissafi. Jalinus, likitan nan Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, 7 ya ƙirga, kuma a jikin dabbobi ya yi mafi yawan bincikensa. Shi ne ya nuna wa taron jama'a cewa idan aka yanke wata siririyar jijiya a wuyan alade, sai ihunsa ya ɗauke nan take alhali yana numfashi, abin da ya tabbatar cewa daga ƙwaƙwalwa ake sarrafa murya. A 1664 Thomas Willis na Ingila ya mai da su 9. Sai a 1778 wani ɗalibi Bajamushe, Samuel Sömmerring, ya jera su 12, kuma da lambobinsa ake aiki har gobe. Ta 1 ta jin ƙamshi ce, ta 2 ta gani. Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ke juya ƙwayar ido. Ta 5 ke jin taɓi a fuska, ita ke motsa muƙamuƙi wajen tauna. Ta 7 ke ɗaga kunne da leɓe, ta rufe fatar ido. Ta 8 ta ji ce da daidaiton tsayuwa. Ta 9 da ta 10 na haɗiya ne da murya, ta 11 tana naman wuya, ta 12 kuma ita ke riƙe da harshe.

Ba haddar lambobi nake so ku yi ba. Abin lura shi ne kowace jijiya da mafitarta a jikin ƙwaƙwalwa, saboda haka aikin likita a nan kamar na mai gyaran wutar gida ne: ya bi ɗaki-ɗaki yana danna makunni, daga ƙwan da ya kama da wanda bai kama ba ya gane inda waya ta tsinke. Kayan aikin kuma hannu ne da tocila.

Mu ɗauki ido. Likita zai rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kawo ɗayan hannun da sauri kamar zai tsokane idon da ke buɗe, ba tare da ya taɓa gashin ido ko ya kaɗa iska ba. Lafiyayyar dabba za ta ƙifta. Wannan ƙiftawa ɗaya ta shaida abu uku: jijiya ta 2 ta kai hoton hannun, ƙwaƙwalwa ta gane barazana ce, jijiya ta 7 ta rufe fatar ido. Sai dai a kula, koyon wannan ƙiftawar ake yi, ba a haihuwar dabba da ita. Ɗan maraƙi ko ɗan rago sai ya yi kwanaki kafin ya fara, ɗan kwikwiyo kuwa sai ya kai mako 10 zuwa 12. Kada a yanke wa jinjiri hukuncin makanta da wannan gwajin. Daga nan sai a kai dabbar inuwa a haska tocila a idonta. Baƙin tsakiyar ido, wanda a tumaki da shanu yake a kwance, zai tsuke, na ɗayan idon ma ya tsuke tare da shi. Wannan aikin jijiya ta 2 ne da ta 3, kuma ba ya bi ta sashen ƙwaƙwalwar da ke gane abin da aka gani.

A nan nake so masu kiwon turke su kasa kunne, musamman masu shirya ragunan layya. Mutum ya sayo rago daga kara, wanda bai san komai ba sai ciyawa da harawa. Don ya yi saurin ƙiba, sai a cika masa kwano da masara da dawa tun ranar farko. Bayan ɗan lokaci a wayi gari rago yana karo da bango, yana ɗaga kai sama kamar mai kallon taurari, ko ya kafa goshi a jikin garu ya tsaya. Ka kawo masa hannu, ba ya ƙiftawa. Ka haska tocila, tsakiyar ido ta tsuke sarai. Ma'ana idon lafiyarsa lau, jijiyar ma lafiyarta lau, can cikin ƙwaƙwalwa ne matsalar take. Sau da yawa hatsin da aka ɗura masa ne ya rikita tumbinsa har jiki ya rasa bitamin B1. Idan likita ya yi masa allurar wannan bitamin da wuri, rago kan fara farfaɗowa cikin yini guda. Abin da ke ci mini rai shi ne irin wannan ragon ne ake kira wa mahauci da asuba, a sayar da shi a wulaƙance, alhali maganinsa bai kai kuɗin buhun dusa ba. Gubar dalma ma tana kawo irin wannan makanta, idan shanu sun lashi tsohon batirin mota da aka yasar a juji.

Akasin haka kuwa, maraƙin da ya sha dogon rani babu ɗanyen ganye yana iya rasa bitamin A. Dundumi ke fara kama shi, yana tuntuɓe da magariba. Idan abin ya yi nisa, ƙofar ƙashin da jijiyar gani ke bi ta matse ta, sai ka haska tocila ka ga tsakiyar ido a wangale, ba ta motsi. Wannan makantar ba kasafai take warkewa ba, rigakafinta ake yi. Makaho biyu ke nan, tocila ce kaɗai ta raba su.

Fuska kuma kallonta ake yi daga gaba, a gwada dama da hagu. Kunne ɗaya ya langaɓe? Fatar ido ɗaya ta sauko? Tuƙa ta taru a kumatu ɗaya, miyau na zuba ta gefe? A taɓa kusurwar ido da yatsa a hankali: jijiya ta 5 ke jin taɓin, ta 7 ke ƙiftawa. Doki ko jaki da ya daɗe a kwance, ƙarfen ragama ko ƙullin igiya ya danne masa kunci, zai iya tashi da leɓe a saki, hancinsa ya karkace zuwa ɓangaren da ke da lafiya. Wannan rauni ne na waje, sau da yawa yana warkewa. Amma idan akuya ko tunkiya ta haɗa langaɓewar kunne da sakin muƙamuƙi da kewaye wuri ɗaya, ga kasala, to jijiyoyi da yawa ne suka taɓu tun daga tushe. Likita zai yi zargin ƙwayar listeriya, wadda ke zama a ruɓaɓɓen abinci, ta shiga ta ɗan rauni a baki, ta bi jijiya ta 5 har ƙwaƙwalwa. A ƙananan dabbobi tana iya kisa cikin kwana 2, don haka ba ta jiran ranar kasuwa.

Karkatar da kai gefe ɗaya, da rawar ƙwayar ido, da tangaɗi, na jijiya ta 8 ne, kuma galibi ɓangaren da kan ya karkata can ciwon yake. Wani lokaci ruɓar cikin kunne ce kawai. Ta 1 da ta 11 ba a cika wahalar da kai a kansu ba.

Jijiya ta 10 ita ce matafiyiya. Ba ta tsaya a kai ba, ta gangara wuya ta isa zuciya da huhu da tumbi. Saniyar da ta haɗiyi ƙusa ko waya, ƙarfen ya huda cikinta, kumburin wurin na iya hana wannan jijiya aiki, sai ciki ya yi ta cika abinci ba ya wucewa. Reshenta mai kula da murya, wanda Jalinus ya yanke, sai ya sauka har ƙirji ya zagayo babbar jijiyar jini sannan ya hauro maƙogwaro. A raƙumin dawa, irin waɗanda ke Kure kusa da Yamai, wannan zagaye ya kai mita 4 ko fiye. A dogayen dawakai reshen hagu kan raunana, sai a ji doki yana wani gurnani ko fito idan ya zuƙi iska a guje. Mai doki da ya ji haka a sukuwa, ya sa a duba maƙogwaron.

Duk wannan dubawa ba ta wuce 'yan mintoci, ba ta cin ko sisi. Shi ya sa nake ganin bai dace ma'aikacin dabbobi ya iso garke ya zuƙo allura tun bai tsaya gaban saniya ya dubi fuskarta ba. Ya kamata kuma masu horar da ma'aikatan sa-kai na karkara su sa wannan a sahun farko. Makiyayi ma da ya iya cewa a waya, kunnen hagu ya faɗi, tana kewayawa hagu, ba ta ƙiftawa amma ido na tsukewa, ya rage wa likita rabin aiki, ya fi wanda zai ce iska ce ta buge ta.

Saura gwajin haɗiya da na harshe, kuma su ne nake roƙon ku da girman Allah ku bar wa likita mai safar hannu. Saniyar da ke dalalar miyau, ta kasa haɗiya, kukanta ya dushe, tana yunƙuri, kowa zai ce ƙwallon mangwaro ne ko ƙashi ya maƙale mata, sai a zura hannu har gwiwa a maƙogwaronta. Haka ciwon haukan kare yake bayyana a shanu, bayan cizon da wataƙila ba wanda ya gani, kuma ƙwayar cutar na cikin miyau. Ɗan ƙurji a yatsa ya isa ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Asiya da Afirka, kuma da zarar alamunta sun bayyana a mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Idan kun ga dabba a wannan hali, ku ware ta, ku hana yara zuwa kusa, kada a yanka ta, a kira likitan dabbobi. Tabbatar da cutar sai an gwada ƙwaƙwalwa a ɗakin bincike, irin na cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Wanda kuwa ya riga ya sa hannu, ko aka cije shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar a fara masa allurar rigakafi, kada ya jira ya ga abin da zai sami saniyar.