Makaranta Da Tsofaffin Gari

A tsakiyar hamadar Ostireliya akwai wani ƙauye da ake kira Yuwendumu, kimanin kilomita 300 daga garin Alis Sifirin. Mazaunansa 'yan ƙabilar Walbiri ne, suna cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Shekara da shekaru makarantar boko ba ta san kome ba sai Turanci, yaro in zai shiga aji sai ya ajiye harshen uwarsa a bakin ƙofa.

A 1974 makarantar ƙauyen ta fara koyarwa da harshen Walbiri tare da Turanci. Farkon shekarun 1980 mutanen suka sami na'urar ɗaukar bidiyo, suka shiga ɗaukar tsofaffinsu suna ba da labarin ƙasarsu da raye-rayensu. A 1985 suka buɗe 'yar tashar talabijin tasu ba tare da jiran lasin gwamnati ba, daga baya kuma suka shirya wa yara wani shiri mai suna Manyu Wana, ana koya musu ƙirga da haruffa cikin harshensu. A 1992 aka haɗa ƙauyuka huɗu na yankin da birane ta tauraron ɗan'adam, har yaran makarantun kwana suna ganin iyayensu suna magana da su.

Abin lura shi ne, tsofaffi ke yanke abin da za a ɗauka da abin da za a nuna. In mutum ya rasu, akan janye hotonsa bisa al'adarsu. Wannan ne ya sa iyaye suka ɗauki makaranta tasu ce. Amma a 2008 gwamnatin yankin ta ba da umurni a riƙa yin sa'o'i huɗu na farkon kowace rana da Turanci, aikin ya ja baya ƙwarai, alhali na'urorin suna nan.

'Yan Arewa mazauna Kudu suna da darasi a nan. Yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan sau da yawa bai taɓa jin tatsuniya daga bakin kakarsa ba. Yau kusan kowane gida akwai wayar da ke ɗaukar murya da hoto. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin makarantun unguwanni su zauna su tsara yadda za a ɗauko muryar tsofaffin gida a kawo cikin aji, su tsofaffin su zaɓi abin da za a faɗa. Tsohon da ya rasu ba a ɗauke shi ba, ya tafi da abin da ya sani.