Ma'aunin Rayuwa: Yadda Uwargida Za Ta Haɗa Nata

Duk macen da ta taɓa girki a murhu ta san idan dutse ɗaya ya gaza 'yan'uwansa tsawo, tukunya karkata take yi, miyar kuma ƙasa ce za ta sha. Haka rayuwar mace take. Sai ki ga baiwar Allah ta tsaya tsayin daka a kan yara da maigida da sana'a, amma rabonta da barci mai daɗi ko ziyarar mahaifiyarta har ta manta, ba ta ankara sai ranar da hawan jini ya kwantar da ita.

A wannan wata za mu duba wata dabara ta auna kai da masu koyarwa ta intanet suke yawan sakawa cikin darussansu, wadda ake kira da'irar rayuwa. Ana danganta ta ga wani Ba'amurke mai suna Paul J. Meyer, wanda ya kafa cibiyar horas da mutane a 1960. Ana zana da'ira ne a yanka ta kamar yadda ake yanka lemo, kowane yanki fanni ɗaya na rayuwa. Mu a nan za mu iya ɗaukar takwas: ibada, lafiyar jiki, zaman aure, tarbiyyar yara, sana'a, tattalin kuɗi, zumunci, da kuma hutu. Mace ta ba kowane fanni maki, ta shafe shi da launi gwargwadon makinsa, nan take sai ta ga inda ya lotsa.

Malamai mata da shugabannin ƙungiyoyi da ke cikinmu za su iya haɗa wannan ma'auni a kwamfuta ko a waya. A manhajar Articulate Storyline, wadda ta kuɗi ce, ana saka ɗan maɓalli da ake ja hagu ko dama, manhajar ta riƙe lambar da aka tsaya a kai, sannan a umarce ta cewa idan maki ya gaza 3 ta buɗe shafin shawara. Wadda ba ta da wannan hali ga Google Forms nan kyauta, amsoshin su tafi Google Sheets, shi kuma ya fitar da zane mai kama da saƙar gizo-gizo.

Sai dai fa aikin ba a manhaja yake ba, a tambaya yake. Idan kika tambayi 'yar'uwarki yaya lafiyarta, abin da za ta ce shi ne "lafiya lau, alhamdu lillahi", ko da kuwa da ciwon kai ta kwana, domin da kunya da kawaici aka raine mu. Saboda haka ki tambayi abin da ake ƙirgawa. Cikin kwana 7 da suka wuce, kwana nawa kika samu barcin awa 7, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da likitocin barci ke so ga baligi? Kwana nawa kika yi tafiyar ƙafa ta minti 30, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako? Kwana nawa kuka zauna hira da maigida wadda ba ta kuɗin cefane ba? Kwana nawa kika duba littafin yaro? Kin ga maki ya zama daga 0 zuwa 7, kuma lamba ba ta jin kunyar kowa.

Na biyu, kada ma'aunin ya zama alƙali. Macen da ta samu 1 a fannin hutu ba faɗa take buƙata ba. Shafin da zai buɗe mata ya ba ta abu ɗaya tak da za ta iya yi cikin makon, kamar ta raba wanke-wanke tsakanin manyan yaranta, ko ta ajiye waya da ƙarfe 10 na dare. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, kuma shi ne babba, amana. A Google Forms duk amsar da aka bayar tana zuwa hannun wadda ta haɗa tambayoyin. Don haka kada ki nemi suna ko lambar waya, ki kuma kashe wurin karɓar adireshin imel, ita kuwa mai amsawa ta rubuta makinta a takarda ta zana da'irarta da kanta. Makin zaman auren wata idan ya fita ya shiga bakin mata a gidan biki, yana iya kashe aure.

A ƙarshe, wannan ma'auni madubi ne, ba likita ba. Wadda ta ga mako biyu ko fiye tana cikin ƙunci, ba barci ba cin abinci, to asibiti ya kamata ta nufa. Sauranmu kuwa mu ɗauki biro da takarda yau da dare, mu sake aunawa bayan wata guda mu ga ko dutsen ya daidaita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.